Farantin daɓen Locost mai hudajjun ramuka: alminiyam ɗin mai kyau ne, ramukan kuwa sun ɓata mini rai

Wanda duk yake ƙera Locost, wato ƙaramar motar nan mai kujera biyu da mutum ke haɗa wa kansa, a garejinsa nan Ingila ya san shagon nan da ke tallar farantin daɓen mota yankakke, wai an riga an huda masa ramukan ribiti (ƙusar da ake matsewa ta haɗa ƙarfe da ƙarfe), kai dai ɗorawa kawai za ka yi. Wannan "ɗorawa kawai" ɗin ita ta ja ni na saya, kuma ita ce ta zame mini ciwon kai.

Gaskiya idan aka ce kaya, kaya ne. Alminiyam mai kauri milimita 2, yankan leza, gefensa sumul ba ya yankan hannu, ya zo da ledarsa a manne ba ko ƙwarzane. Da na kifa shasin a kan benci na ɗora farantin ɓangaren direba, zama ya yi daram, ramukan suka sauka tsakiyar faif ɗaya bayan ɗaya. A lokacin da an tambaye ni, tauraro biyar zan ba su ba tare da na yi tunani ba.

Sai na ɗora na ɓangaren fasinja. Daga gaba lafiya lau, amma ana matsawa baya layin ramukan ya fara kaucewa, har ya zama a ƙarshen faif ɗin gefe sun goce da kusan milimita 8. Wanda bai taɓa aikin ba zai ce milimita 8 ai ba komai ba ne. To, faif ɗin shasin Locost sikwaya ne mai faɗin milimita 25, kaurin bangonsa 1.6. Tsakiyarsa tana kan 12.5. Ka ɗauke rami mai faɗin 4.8 ka matsar da shi milimita 8, ya faɗa kan lanƙwasar kusurwa ke nan. Na gwada ɗaya don in gani da idona: bakin diril ɗin ya riƙa zamewa yana cin gefe, ramin ya fito a karkace, ribitin ya shiga a kishingiɗe, kansa rabi a kan faranti rabi a sama, har kana iya zura farce a ƙarƙashinsa. Wannan ba riƙo ba ne. Kuma a irin wannan mota daɓe ba kwalliya ba ne, yana taimaka wa shasi wajen tauri, sannan tsakaninka da kwalta ba wani nisa.

Kafin in ɗora wa kowa laifi na koma kan nawa aikin. Na auna shasin kusurwa zuwa kusurwa, duka biyun suka fito daidai. Na juya farantin direba na kifa shi a kan na fasinja, tun da ya kamata su zama kamar tafin hannu biyu, nan take bambancin ya bayyana: ramukan ba su haɗu ba. Na ɗauki hoto da tef ɗin awo a kai na aika wa masu shagon.

Amsar da suka ba ni ita ta fi ramukan ƙona mini rai. Wai kowane shasin gida da irin nasa, walda tana jan ƙarfe, don haka ba za su ɗauki alhaki ba. Eh, walda tana jan ƙarfe, kowa ya sani. To in kun san haka me ya sa kuke huda wa mutane ramuka kuna ƙara kuɗi a kai? Kuma walda ce ta shiga tsakanin farantanku biyu ta raba su? Wannan tambayar ba su amsa ta ba, sai bayan na yi ta naci suka turo wani farantin mara rami, kuɗin aike a kaina.

Abin mamaki, da mara ramin aikin ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Na matse shi a kan shasi, na bi gefen kowane faif da alƙalamin maka ta ciki, na juya na ja layin tsakiya, na sa alama duk bayan milimita 50. Na huda ƙanana tukuna, ina riƙe farantin da 'yan fil ɗin nan na Cleco don kada ya motsa, sannan na buɗa ramukan. Bayan na share ƙurar ƙarfe da ƙaiƙayin bakin rami, na shafa gam ɗin foliyuretan a kan faif, na fara buga ribiti daga tsakiya zuwa waje. Gam ɗin nan kada kowa ya tsallake shi. Ban da hana ƙara da shigar ruwa, shi ke raba alminiyam da baƙin ƙarfe, don in suka haɗu da danshi da gishirin da ake watsawa a titunan nan lokacin sanyi, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Da aka gama na ƙwanƙwasa daɓen da hannu, sautinsa a toshe, ba ya amo. A nan zuciyata ta ɗan sauko, har na fara cewa a'a, mutanen nan kayansu ba laifi.

Sai kuma na tuna jakar ribitin da suka haɗo da ita, raina ya sake ɓaci. Masu buɗaɗɗen gindi ne. A ƙarƙashin mota! Irin waɗannan ruwa na bi ta tsakiyarsu ya shiga cikin faif, tsatsa ta fara ci daga ciki inda ido ba ya gani, wani lokacin ma kan ƙusar da ke tsakiyar ribitin ya ɓalle ya faɗa ciki ya yi ta ƙaraurau har ƙarshen rayuwar motar. Dole na sake fita sayen masu rufaffen gindi da kuɗina. Shagon da ya ce sana'arsa ke nan bai kamata ya buƙaci a gaya masa wannan ba.

Babu ko 'yar takarda a kwalin da ke gargaɗin kada a ɗaure kujera a kan alminiyam zalla. Ni na riga na yi waldar ƙarafa a ƙetare don kujeru, domin mai binciken IVA (gwajin da ake yi wa irin wannan motar haɗin gida) na DVSA, hukumar duba lafiyar motoci ta nan, zai duba mazaunin kujera da maɗaurin bel sosai kafin motar ta samu lamba, amma sabon shiga fa?

Tauraro biyu nake ba su, kuma na alminiyam ɗin ne. In za ka saya, ka ce musu mara rami kake so, ka bar musu ribitinsu. Farantin farko yana nan jingine a bangon gareji, na ce su zo su ɗauka su mayar mini da kuɗin aike, har yau shiru.