Katirij ɗin Xpert BCR-ABL Ultra: yana aiki, amma ba irin na tarin fuka ba ne

Duk ma'aikacin lab da ya taɓa aikin tarin fuka a Gombe ko Bauchi ya san injin GeneXpert na kamfanin Cepheid. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajinsa na tarin fuka a Disamban 2010, injin ya bazu a asibitocin gwamnati har ya zama ɗan gida. Sai dai shi injin ba ruwansa da wata cuta guda. Katirij ɗin da aka saka masa, wato ɗan mazubin roba da ake zuba samfur a ciki, shi ke yanke aikin da zai yi. Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikinsu ne, Xpert BCR-ABL Ultra, wanda ake bibiyar masu sankarar jinin da likitoci ke kira CML da shi. Hukuncina tun daga farko: kaya ne mai nagarta, kuma ya dace da mu. Amma wanda ya ɗauke shi kamar na majina, a zuba a rufe a danna, zai yi ta zubar da kuɗi a kwandon shara.

Kafin a yaba ko a kushe, sai an san abin da yake aunawa. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford, a birnin Filadelfiya na Amurka, suka ga wani guntun kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, a ƙwayoyin jinin masu CML. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa musaya ce aka yi: kuromosom na 9 da na 22 sun karye, kowanne ya ɗauki gutsuren ɗan'uwansa. A mahaɗar, ƙwayar gado BCR ta kan 22 ta manne da ABL1 ta kan 9, sai ɓargo ya riƙa ƙera furotin guda ɗaya daga biyun. Aikin ABL1 na lafiya shi ne ya ɗauko fosfet daga ATP, makamashin ƙwaya, ya liƙa wa wani ɓangare na wasu furotin da ake kira tairosin, kuma wannan liƙawar ita ce saƙon da ke cewa ƙwaya ta rabu ta ƙaru. Yana da wani ɓangare a gabansa da ke naɗe shi ya rufe idan babu buƙata. A haɗaɗɗen furotin an yanke wannan ɓangaren, BCR ya zauna a gurbinsa, kuma shi BCR yana jawo furotin ɗin su dunƙule wuri guda suna kunna juna. Mota ce aka cire wa birki, aka kuma danne totur.

Daga nan saƙon ke rarrabuwa. Ta tairosin na 177 na ɓangaren BCR, furotin GRB2 ke kamawa ya tayar da hanyar RAS da MAPK, mai sa rabuwa. STAT5 na tashi, haka ma hanyar PI3K da AKT, waɗanda ke hana ƙwayar mutuwa lokacin da ya kamata ta mutu. Sakamakon shi ne abin da ake gani a gado: fararen ƙwayoyi sun haura 100,000 a maikurolita, saifa ta sauko har cibiya, a nan kuma sau da yawa an daɗe ana yi wa mara lafiyar maganin zazzaɓin cizon sauro kafin wani ya duba hoton jini. Maganin imatinib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001, yana shiga aljihun da ATP ke zama a haɗaɗɗen furotin ya toshe shi. Miligiram 400 sau ɗaya a rana, da abinci da ruwa mai yawa.

To a nan amfanin katirij yake. Cikin wata biyu zuwa uku da fara magani, ƙidayar jini takan koma daidai, saifa ta koma ciki, mara lafiya ya ce ya warke. Alhali cutar na nan birjik a ɓargo, ƙidayar jini ce kawai ta daina ganinta. Katirij ɗin ba furotin yake aunawa ba, saƙon RNA da ake ƙera furotin daga gare shi yake ƙirgawa, ya gwada shi da na ABL1, ya fitar da kashi cikin ɗari bisa ma'aunin duniya da ake rubutawa IS. Ƙa'idar masana sankarar jini na Turai ta 2020 ta ce ana son a wata 3 ya sauka zuwa 10% ko ƙasa, a wata 6 zuwa 1%, a wata 12 zuwa 0.1%. Katirij ɗin na iya gani har kusan 0.003%, wato ya kai zurfin da ake kira MR4.5. Babban abin da nake yaba masa shi ne ya zo da daidaitonsa da ma'aunin duniya tun daga masana'anta, a cikin lambar da ke jikinsa. Lab da ke yin irin wannan gwajin da hannu sai ya nemo nasa adadin juyawa ta hanyar musayar samfura da wani babban lab, aikin da ba kowa ke da halinsa ba.

Kwali ɗaya na gwaji 10 ne: katirij, Proteinase K (sinadarin da ke farfasa furotin), ruwan narkar da ƙwayoyi, da ruwan wanki a ƙananan kwalabe. Ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 da 8. Wannan kaɗai ya bambanta shi da na tarin fuka da ake jerawa a kanta a ɗaki mai sanyi. Abin da ba ya cikin kwalin kuma dole a nemo shi: tsantsar ethanol, bututun mililita 50, injin girgiza bututu, da fifet masu kyau.

Ga yadda haɗin yake. A fitar da jini da katirij da sinadarai su sha iskar ɗaki kamar minti 20. A zuba maikurolita 100 na Proteinase K a gindin bututu. A jujjuya kwalbar jinin sau 8, a ƙara mililita 4, a girgiza daƙiƙa 3, a bar shi minti 1. A zuba mililita 2.5 na ruwan narkarwa, girgiza daƙiƙa 10, jira minti 5, a sake girgizawa, a sake jiran minti 5. Daga nan a ɗebi mililita 1 kacal zuwa sabon bututu, a ƙara mililita 1.5 na ruwan narkarwa, a girgiza, a bar shi minti 10. Sai mililita 2 na ethanol, girgizawa ta ƙarshe, a juye duka cikin babban ramin katirij, ruwan wanki kuma cikin nasa ramin. Kusan rabin awa ke nan na aikin hannu, sannan injin ya ɗauki wajen awa ɗaya da minti 45. Takardar da ke cikin kwalin ita ce alƙali idan bugunta ya saɓa da wannan.

Yawancin matsalolin a wannan rabin awar da tafiyar jinin kafinta ake haifarsu, ba a cikin injin ba.

Na farko, kwalba. Ta EDTA ake so, mai murfin shunayya. Kwalbar heparin tana hana gwajin tafiya gaba ɗaya. Kuma kwalaben da aka saba da su a ɗakunan ɗibar jini ana cika su ne zuwa mililita 2 ko 2.5, saboda haka sai an ɗebi biyu. Idan aka yi maneji da abin da ya samu, ABL1 na iya fitowa a makare, injin ya rubuta INVALID, katirij ya tafi. Injin yana karɓar sakamako ne kawai idan ABL1 ya bayyana tsakanin zagaye na 8 da na 18 na zagayen ninka saƙon da injin ke yi.

Na biyu, hanya. RNA ba ta da juriya. An yarda jinin ya zauna har awa 72, amma a sanyin firji, ba a daskare ba, ba kuma a aljihun direban motar haya daga Bajoga ko Azare cikin zafin Afrilu ba. A sa shi a kula mai ƙanƙara, a naɗe kwalbar kada ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a rubuta ranar da awar ɗiba a jiki. Jinin da ya lalace rabi-rabi ya fi wanda ya lalace gaba ɗaya haɗari, don shi zai ba da lamba, kuma likita zai yarda da ita. Shawarar da ta fi ita ce a tsayar da rana guda ta ɗibar jini, safiyar Litinin ko Talata, kada samfur ya kwana a ƙarshen mako.

Na uku, sabon mara lafiya. An tsara mililita 4 ɗin nan ne don wanda ke kan magani, wanda fararen ƙwayoyinsa sun dawo daidai. Idan sun wuce 30,000 a maikurolita, haɗin zai yi kauri da yauƙi, ya toshe matatar katirij, matsin ya hau, injin ya tsaya da ERROR 2008. Ko kuma ABL1 ya fito kafin zagaye na 8. Akwai hanya ta daban da ake amfani da maikurolita 50 na jini kawai. Don haka kada a karɓi samfur sai da ƙidayar jininsa ta kwanan nan a kan takardar. Wannan ƙa'ida ɗaya za ta ceci katirij da yawa.

Sai ethanol. Sifirit ɗin goge fata ba ya maye gurbinsa, kuma ko tsantsar idan aka bar murfinta a buɗe tana jan ruwa daga iska, musamman da damina. Ethanol shi ke sa RNA ta manne a matata. Idan ya yi ruwa, RNA ta bi ruwan wanki ta tafi. A sayi ƙaramar kwalba, a rufe ta gam. Wani abu kuma da ya shafi lafiyar ma'aikaci: sinadaran na ɗauke da gishirin guanidin, kada a zuba bilic kai tsaye a kan abin da ya zube, a fara goge shi tukuna.

Shi kansa injin an yi shi ne don ɗaki mai digiri 15 zuwa 30. A Gombe daga Maris zuwa Mayu zafin waje na haura 40, saboda haka ba na'urar sanyaya ɗaki, ba gwaji. Ƙurar hunturu na toshe matatar fankarsa. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki kuma babu inbata mai ƙarfin riƙe shi awa biyu, an yi asarar katirij. Abin da ke ceton mara lafiya daga sake ɗibar jini shi ne ragowar haɗin farko, don haka kada a zubar da shi sai sakamako ya fito. A tuna kuma injinan da ke asibitoci da yawa na shirin tarin fuka ne, da layinsu da ƙa'idojinsu. Sai an nemi izini, an ɗora fayil ɗin wannan gwajin a kwamfutar, an tabbatar an yi wa injin daidaitawar shekara.

Babban gibinsa ba na aiki ba ne, na iyakar ganinsa ne. Wurin da BCR ke karyewa ba ɗaya ba ne. Mafi yawan masu CML na da nau'in e13a2 ko e14a2, masu ba da furotin p210, kuma waɗannan biyun kaɗai katirij ɗin ke gani. Nau'in e1a2 mai ba da p190, wanda ya fi yawa a sankarar jini mai saurin kisa ta ALL, ba ya ganinsa. Cepheid na da wani katirij daban dominsa. Shi ma e19a2 mai ba da p230, wannan katirij ɗin ba ya ganinsa. Idan saifa da hoton jini suna cewa CML, katirij ya ce bai ga komai ba, to ba a sallami mutum ba. A tura samfur inda ake duba kuromosom. Abin da ya fi wannan muni shi ne a fara wa irin wannan mara lafiya magani, a riƙa bibiyarsa da katirij ɗin da ba ya ganin nau'insa, ana murnar sifili. Shi ya sa gwaji ɗaya kafin fara imatinib ya zama dole, ko da kuɗin na ciwo.

Kuma ba ya faɗin dalili. Idan lamba ta tashi daga 0.08% zuwa 0.12%, wannan na iya zama rawar awo kawai, a maimaita kafin a taɓa magani. Idan ta tashi sosai, tambaya ta farko ita ce: Malam, ana shan maganin kullum? Ya yanke ne saboda tafiya, ko ciwon ciki, ko an rikice wajen lokacin sha da azumi? Ta biyu: an fara maganin tarin fuka? Rifampicin na rage imatinib a jini da kusan kashi 70 cikin 100, kuma a yankinmu haɗuwar cututtukan biyu a mutum ɗaya ba abin mamaki ba ne. Sai bayan waɗannan a yi zancen sauyin ƙwayar gado irin T315I, wanda imatinib da nilotinib da dasatinib duk ba sa kamawa, sai ponatinib ko asciminib. Gano shi aikin wani lab ne daban, katirij ba ya yi.

Batun kuɗi shi ne inda zance ke tsayawa. Katirij ɗin tarin fuka na da farashin rangwame, dala 9.98 tun 2012, aka sauke shi zuwa 7.97 a 2023. Wannan ba ya cikin rangwamen, ya ninka shi sau da yawa, kuma yana bin farashin dala. Masu CML da dama a Najeriya na samun Glivec, wato imatinib na kamfanin Novartis, kyauta ta shirin Novartis da Max Foundation, wanda asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya daɗe yana gudanarwa, amma daga Gombe zuwa Ife ba nan kusa ba ne, kuma gwajin ana son sa duk wata uku. Idan iyali ba za su iya huɗu a shekara ba, a ganina kada a tsallake na farkon ganewa, da na wata 3, da na wata 12, daga nan duk wata shida. Wanda kuma ke tunanin dakatar da magani bayan shekaru na sakamako mai zurfi, kada ya fara sai da likitansa da tabbacin gwaji duk wata a farko, don kusan rabin masu dakatarwa cutar na dawo musu, yawanci cikin wata shida.

Ga sashen jini na babban asibiti mai marasa lafiyar da za su cinye kwali kafin wa'adinsa ya ƙare, ina ba da shawarar a saye shi, a ware mutum biyu su ƙware a haɗin, kada ya zama na duk wanda ke kan aiki. Ga ƙaramin lab mai samun samfur ɗaya a wata biyu, gara ya sayi kula mai kyau ya ƙulla yarjejeniya da inda ake yi.