Ajin Turanci na Asabar a Agege: darasin tsara lokaci ya ci kuɗinsa

Ga masu tambayata game da ajin Turancin da nake zuwa ranar Asabar a Agege, Legas, kusa da tashar jirgin ƙasa: ba na 'yan koyo ba ne. Sai wanda bakinsa ya riga ya buɗe ake ɗauka. Yawancinmu shirin jarrabawar IELTS muke yi, wato gwajin Turanci na masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, sauran kuma 'yan kasuwar Mile 12 ne da ma'aikatan ofis.

Darasin tsara lokaci ne ya fi kwanta mini a rai. Malamar ba ta buɗe littafi ba. Cewa ta yi kowa ya rubuta da Turanci yadda ya yi da yininsa na jiya, tun daga sallar asuba har kwanciya. Sai ta zana gida huɗu a allo, tsarin da ake jingina wa Dwight Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961: aiki mai muhimmanci kuma na gaggawa, mai muhimmanci da zai iya jira, na gaggawa maras muhimmanci, da wanda bai shiga ko ɗaya ba. Kowa ya miƙe ya faɗi dalilin da ya sa ya ajiye aikinsa a gida kaza.

Wani Alhaji dillalin albasa ya kafe cewa wayar direban da ya taso da kaya daga Aliero ta fi komai, ko da tsakar dare ce. Malama ta ce, "Alhaji, in yaron shagonka zai iya ɗagawa fa?" Nan musu ya kaure, duk da Turanci, mutumin da a da sai an yi ta lallaɓa shi kafin ya yi jimla biyu. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, domin zancen da ya taɓa aljihun mutum shi ke sakin harshensa.

Ta kuma haɗa darasin da jarrabawa. A IELTS minti 60 ake ba da wa rubutu, aiki biyu ne, kuma na biyun mai kalma 250 makinsa ya ninka na farko, don haka minti 40 nasa ne. Agogon bango take kafa mana, tunda ba a shiga ɗakin jarrabawa da na hannu, wayoyinmu kuma suna cikin kwando a kan teburinta. Lokaci na cika, a ajiye biro ko da a tsakiyar kalma.

Inda ban gamsu ba shi ne tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo, ɗan Italiya: aikin minti 25, hutun minti 5. Mai zaman shago a Legas ba shi da minti 25 da babu mai ciniki a kansa, balle wanda ke cikin motar haya ta danfo a cunkoson Oshodi. Mu da salloli biyar suka riga suka raba mana yini, ya fi sauƙi a ce karatu tsakanin magariba da isha'i. Na faɗa mata, ta karɓa hannu bibbiyu. Sai kuma ƙarar janareto, wadda ke danne darasin saurare in an ɗauke wuta.

Mai niyyar zuwa ya fito da wuri, don ƙarfe goma daidai take rufe ƙofa, kuma ba ta maimaita abin da ya wuce.