Wata biyu da kunna SQM, tsarin rage cunkoson intanet, a rauta ta, ga abin da na gani

Gaskiya na daɗe ina zargin kamfanin da ke ba ni intanet, ashe rabin laifin a cikin gidana yake. Da zarar wani ya fara loda bidiyo, ko wata waya ta fara tura hotuna, shi ke nan kiran bidiyona ya fara sarƙewa, murya tana yankewa kamar daga cikin rijiya, amma in na gwada gudun layin sai ya nuna lafiya lau, abin ya riƙa ci min rai sosai.

Daga baya na gane cunkoso ne. Intanet dama ba ta yi wa kowa alƙawari ba, iya ƙoƙarinta kawai take yi, saƙo ya isa da wuri ko ya makara. To rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana tara ƙunshin bayanai a dogon layin jira maimakon ta yar da wasu, shi kuwa TCP, tsarin da na'urori ke bi wajen tura bayanai, yawanci sai ya ga an yar ɗin yake gane ya sassauta, kafin nan muryarka tana can bayan layi tana jira. Wannan cutar ce Jim Gettys ya yaɗa sunanta bufferbloat a 2010, a 2012 kuma Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da CoDel, wata dabarar sarrafa layin jiran, don maganinta.

Ni dai OpenWrt na saka, wata manhajar rauta da aka gina a kan Linux, na kunna SQM na zaɓi CAKE, shi ma dabarar sarrafa layin jira ce, wanda ya shiga Linux tun 2018. Sai ka rubuta gudun layinka amma ka rage kamar kashi 10, don layin jiran ya taru a rautarka inda kake da iko da shi. Wallahi daren farko na ji bambanci, ana saukar da babban fayil ina kira ko gezau, domin kowace na'ura tana samun rabonta, ƙananan saƙonni kuma ba sa jiran manya.

Inda bai gamsar da ni ba, saitin ba na kowa ba ne, na sha karatu kafin na gane. Tsohuwar rauta kuma takan gaza in layin yana da gudu sosai. Sannan da na gwada shi a 4G, gudun yana hawa yana sauka, lambar da na saka da safe ba ta aiki da dare, dole na sake rage ta. A layin waya na gida kam ban sake taɓa shi ba tun ranar.