Amsar saƙon Yaya Alhaji kan mota mai naɗe rufi

Assalamu alaikum Yaya Alhaji. Ina gaisuwa, da fatan Hajiya da yara da dukan mutanen gida na Birni suna lafiya. Saƙonka ya iso. Da yake ba kai kaɗai ba ne ka taɓa yi mini wannan tambaya daga Damagaram, na ga gara in ba da amsar a fili, kowa ya ɗebi abin da zai amfane shi.

Ka ce kana son mota wadda ake naɗe rufinta, mai daɗin zama, mai ƙarfi, irin ta manya. Abu uku ka haɗa, kuma da wuya su zauna cikin mota guda ba tare da wani ya danne wani ba. Rufin mota shi ke ɗaure gangar jikinta. In aka cire shi dole a ƙara ƙarafa a ƙasa da gefe don kada ta riƙa murɗewa a kan gargada, sai nauyi ya ƙaru. In kuma gudu ake so, sai a taurara shokazoba, a sa tayoyi masu faɗi marasa kauri, a kwantar da motar ƙasa. Duk abin da aka ƙara wa gudu, daga jin daɗin ƙugunka aka ciro shi.

Ka san aikina a unguwar Heyvaert yake a nan Burusel, inda ake tara motocin hannu a loda su a tashar jiragen ruwa ta Anvers zuwa ƙasashenmu. A layinmu Corolla da Hilux da RAV4 ke da kasuwa. Irin wadda kake nema ba ta biyowa ta nan, sai da na shiga manyan shagunan dillalai na Beljik da na Jamus. Tsarinsu da sauƙi: ka ɗauki alkawari, ka nuna permi, a ba ka makulli ka ɗana.

Na fara da Mercedes SL tunda ita ka ambata. Sunan tsoho ne, tun 300 SL ta 1954. Ƙirar 2001 da ta 2012 rufin ƙarfe gare su mai ninkewa cikin but, amma sabuwar da AMG, sashen motocin gudu na Mercedes, ta fitar a 2021 ta koma rufin yadi mai ruɓi uku, wanda ya fi na ƙarfen rashin nauyi da kilo 21, yana naɗewa cikin daƙiƙa 15 ko da kana tafiya, muddin ba ka wuce kilomita 60 a awa ba. Ɗaya daga cikin manyansu, SL 63, injin V8 ne, wato mai silinda takwas, mai turbo biyu, ƙarfin doki 585, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.6. Sabuwa ta haura Yuro dubu 180, wato sama da miliyan 118 na sefa, tun kafin ta ga jirgin ruwa. Kyau kam ba a magana. Sai dai wanda ya san tsohuwar SL mai laushi zai ji wannan ta taurara, ta koma ta masu son tsere. Kujerun nan biyu na baya kuwa na jakar hannu ne, ko ɗan firamare sai ya takure.

Porsche 911 mai naɗe rufi ta fi kowace daɗin tuƙi, wannan ba na jayayya a kai. Injinta a baya yake, silinda shida, rufin yana sauka cikin daƙiƙa 12, kuma tana riƙe darajarta in za a sake sayarwa. Amma shigarta sai ka durƙusa, ƙarar taya tana shigowa ciki, kuma ban ga yadda za ka zauna a cikinta da babbar riga ranar Juma'a ba. Na cire ta.

BMW M850i ta fi su fili, V8 ce mai doki 530, tafiyarta a babban titi shiru kamar ba a motsi. A kasuwar hannu nan take da araha, don na sha ganin wadda ta yi shekara uku ko huɗu kuɗinta ya zube kusan rabi. Arahar tana da dalili: mai saye na biyu ya san kuɗin gyara na gabansa. Bentley Continental GTC kuwa, ta garin Crewe a Ingila, ita ce ƙarshen jin daɗi. Na daɗe ina shafa ɗinkin fatar kujerunta ina tuna dukawan garinmu, don su ne za su gane aikin da aka yi wa wannan fata. Nauyinta ya haura tan biyu, kuɗinta ya haura Yuro dubu 200. Ranar da ta yi tari a Zinder, ba ka da wanda za ka kira tsakanin Agadas da Kano.

A nan ne maganar take, Yaya. Bature in ya sayi irin wannan mota, rabin abin da ya saya ba ya cikin motar. Yana da garajin kamfani kusa da shi, mai kwamfutar da ke karanta ciwon motar, mai ba shi wata ya riƙa hawa kafin a gama gyara. Yana da kamfanin da zai kira da tsakar dare a zo a ɗauke ta in ta tsaya. Yana da man fetur mai inganci, lamba 98, a kowane gidan mai, da titi mai santsi, da garanti, don a nan doka ta tilasta wa dillali ya tsaya wa motar hannu aƙalla shekara guda. A Beljik tun 2006 ba a sayar da motar hannu sai da takardar Car-Pass, wadda ke nuna kilomitan da aka rubuta duk lokacin da motar ta shiga garaji, shi ya sa mayar da mita baya ya yi wuya ƙwarai. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya shiga kwantena.

Kada ka ɗauka kuma komai nasu ya fi namu. Awa guda ta aikin makaniki a garajin manyan kamfanonin nan ta haura Yuro 100, sama da jika 65, kuma kana iya jiran makonni kafin a ba ka rana. Ba sa gyara, canzawa suke: ƙaramin abu ya lalace, a cire sashen gaba ɗaya a jefar. Makanikinmu na gida zai buɗe abin, ya gano ciwon, ya ɗinke shi a yinin, in kayan babu a aika Kofar Ruwa a Kano gobe su iso. Wannan gwaninta ba ta da tamka a kan Land Cruiser da Hilux. Inda take tsayawa shi ne motar da ko batir aka canza sai an sanar da kwamfutarta.

Su ma masu motocin a nan ba wani morar gudun suke ba. Tun farkon 2021 yawancin titunan Burusel kilomita 30 a awa ne, babban titin Beljik 120, ga kyamarori ko'ina. Sai an tsallaka Jamus, inda wasu sassan babban titi ba su da iyaka, nan ma cunkoso da aikin hanya sun cinye rabi. Faransa kuwa harajin hayaƙi take ɗora wa sabuwar mota mai babban inji, wanda ya kai Yuro dubu 60 a 2024, ya hau dubu 70 a 2025. Ta ɓangaren mai dai kun fi su: litar da aka sauke muku zuwa sefa 499 a 2024, mu a nan muna biyan sama da jika guda. Amma waɗannan injina ba sa yafe mai mai datti. Na kwalba a bakin titi, ka manta da shi gaba ɗaya.

Sai batun rana. A Jamus akwai lambar mota ta lokaci, za ka ga an rubuta 04 da 10 a gefe, ma'ana daga Afrilu zuwa Oktoba kawai ake hawanta, sauran watannin tana kulle, ba haraji ba asurans na hanya. Mutanen da suka yi wata biyar cikin hadari da sanyi ne ke ɗokin rana ta taɓa su. Mu kuwa, ka duba hawan salla a ƙofar fada: wanda aka girmama shi ake riƙe wa laima. A Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, in ka buɗe rufi da rana fatar kujera za ta gasa ka, ƙarfen bel ba zai taɓu ba. Da damina ga iskar da ke gaban hadari da jan ƙasa. Da hunturu ga hazo, ƙurar nan mai laushi da ke shiga ko cikin akwati a kulle. Ita ce babbar abokiyar gabar irin wannan rufi, don injin naɗe shi duk gaɓoɓi ne da famfon mai da ƙananan na'urorin da ke gaya wa kwamfuta inda kowane sashe ya tsaya. Ɗaya ya toshe, rufin ya tsaya rabi a sama. Robobin gefe kuma rana na busar da su, su tsage, ruwa ya fara ɗiga. In ka lissafa, lokacin morarta a garinmu shi ne bayan ɗaukewar ruwa zuwa shigowar hazo, sai daren sanyi, ka fita hanyar Mirriya bayan isha'i. A irin wannan daren ne ɗumin da Mercedes ke hurawa a wuya daga cikin kujera, wanda ta fara sawa a 2004, zai yi maka rana. Ka kuma shirya ɗaga hannu: daga Birni zuwa Kasuwar Dole ba wanda zai gan ka a buɗe bai gaishe ka ba, ba maroƙin da zai bar ka ka wuce, kuma hularka sai ka riƙe ta.

To in duk da haka zuciya na so, kuma na san halinka, zaɓina Lexus LC 500 mai naɗe rufi, wadda ta fito a 2020. Ba ita ta fi gudu ba, tana buƙatar kusan daƙiƙa 5 ta kai 100, SL 63 za ta bar ta a baya. Amma wace hanya gare mu da wannan bambanci zai yi aiki? Injinta V8 ne mai lita 5, ba turbo, ba batirin da ke taya injin jan mota, doki sama da 460, kuma dangin injin Lexus LX 570 ne da makanikanmu suka saba gani, ko da yake kayansu ba sa shiga juna. Rashin turbo na nufin ƙarancin zafi a ƙarƙashin murfi da ƙarancin abin lalacewa. Gidan Toyota ne, ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai za su iya samo maka kaya. Rufinta ruɓi huɗu ne, in an rufe ciki shiru, kilim ɗinta na da ƙarfi, kujerun suna hura sanyi ta baya. Ƙarar injin kuma, wallahi, ita kaɗai ta isa dalili. Aibinta: but ɗin bai kai lita 150 ba, kujerun baya na ado ne, ba safaya, kuma ba ta da yawa a kasuwar Turai, sai an yi haƙurin nema.

Akwai hanyoyi masu sauƙi da ya kamata ka auna. Mercedes E mai naɗe rufi, ƙirar 2017 zuwa 2023, tana da kujeru huɗu na gaske, Hajiya da yara za su shiga, ta fi duk waɗanda na lissafa laushi in ka cire Bentley, kuma ta hannu ba ta kai rabin kuɗin SL sabuwa ba. In jin daɗi ne gaba da gudu a wurinka, ita ce. Ford Mustang mai V8 injinta ba shi da rikici, ga araha, amma cikinta roba ce, ba za ta ba ka girman da kake nema ba. Jeep Wrangler ana cire rufinta, kuma ita kaɗai a cikinsu za ta bi hanyar Tanut ba fargaba, sai dai tana jijjiga mutum. Ni da kuɗina ne, da na ƙara Land Cruiser mai tagar sama na huta, amma ba abin da ka tambaye ni ke nan ba.

Kowace ka zaɓa, kada mu ɗauki mai baƙaƙen kujeru ko baƙin rufi, mu nemi mai haske. Mu ɗauki ƙaramin rim, inci 20 maimakon 21, don robar ta ɗan fi kauri, in haɗo maka tayoyi huɗu na ajiya da matatun iska da na mai na shekara biyu a cikin kwantenar. Kwantena kuma dole ne, ba zan sa rufin yadi a buɗaɗɗen jirgi ba, reza ɗaya ta isa. Zan nemi wadda za a iya cire mata harajin TVA tunda fita za ta yi daga Turai: kashi 21 ne a Beljik, 19 a Jamus, amma ba kowace motar hannu ke da wannan damar ba, sai wadda kamfani ya mallaka. Da yake an rufe iyakar Benin a rikicin 2023, lissafin Lome za mu yi, ta Burkina zuwa Yamai, sannan kusan kilomita 900 zuwa Zinder, duk a bayan babbar mota. Kada wani direba ya ce zai tuƙo maka ita.

Kafin in sa hannu a komai, abu biyu nake jira. Ka sa mai fitar maka da kaya ya samo lissafin duwan a rubuce, da sunan motar da shekararta da girman injin. Sannan ka sa yara su ɗauko mini hoton hanyar daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gida, da tudun shiga garaji, a auna tsayinsa da tef. Tsakanin cikin waɗannan motoci da ƙasa, in ka cire Jeep, bai kai santimita 15 ba. In tudun ya fi ƙarfinta, a kira magini ya kwantar da shi tun jirgi bai taso ba.

Wassalam, ƙanenka.