Daga Guangzhou: maganar ƙafar yaronmu da maganin 'yan Sin

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonka kan ƙafar yaronmu da ta ƙi daina zubar da mugunya tun bayan ɗori, kana cewa in aiko da maganin gargajiyar Sin.

Ciwon nan sun daɗe da saninsa. Tun shekarar 610 likitan fada Chao Yuanfang ya rubuta shi da sunan fu gu ju, wato maruru mai manne wa ƙashi. A nasu bayanin, ƙoda ce ke riƙe da ƙashi da ɓargo. Idan ƙarfinta ya ragu, sanyi da iska su ratsa nama su kwanta a ƙashi, jini ya tsaya, a hankali wurin ya koma zafi ya ruɓe. Ko kuma dafin zazzaɓin da bai gama fita ba ya gangara can. Kusan maganar su Inna ce ta "sanyi ya shige shi". A 1617 kuma wani likitansu, Chen Shigong, ya yi bayanin gutsuren ruɓaɓɓen ƙashi da ke fitowa daga gyambon da ya daɗe bai rufe ba.

Tsarinsu ya burge ni ƙwarai. Likita zai taɓa jijiyar hannunka, ya ce fito da harshe, ya rubuta takarda. A ɗakin magani ana auna saiwar huang qi da furen jin yin hua a kan ɗan sikeli, kowane da nauyinsa a rubuce. In ka so su dafa maka, su zuba a ledoji, ɗan aike ya kawo maka har gida. Ba irin na masu lasifika a bayan mota ba.

Amma Yaya, a babban asibitin gargajiyarsu ma ana ɗaukar hoton ƙashi, a kai mugunya ɗakin gwaji a gano ƙwayar cutar, a ba da maganin kashe ta na makonni. In ƙashi ya mutu, tiyata ake yi a cire. Saiwa na biyo baya ne don ƙarfafa jiki.

Saiwar tana nan jibge a kasuwar magunguna ta Qingping a nan Guangzhou, amma ba zan aiko ba, don ita kaɗai ba za ta fitar da mataccen ƙashi ba. Don Allah a kai shi asibitin ƙashi na Dala cikin satin nan, a roƙi likita ya duba har da sikila, tunda masu ita sun fi kamuwa da wannan ciwo. Kuɗin hoto da na mota zan turo ranar Juma'a in sha Allahu. A gaida Inna da yara.