Wuta ce ko mai? Amsa ga mai FJ60 da ke ƙin tashi jefi-jefi

Malam, ka ce motarka Land Cruiser FJ60 ce mai injin 2F, an cire mata kafireta an ɗora injekta irin Holley Sniper, wato na'urar fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa. Wata rana kik ɗaya take tashi, wata rana kuma kik ya yi ta juya inji ba ta kama ba, sai an bar ta ta huta. Makanike ya ce famfon mai ne, mai wayarin ya ce kwamfutar ce, kana tambayar wanda za ka bi. Kada ka sayi komai tukuna. Matsalar da ke zuwa ta tafi ba a gane ta sai a lokacin da ta zo, don haka duk gwajin da zan faɗa, ranar da motar ta ƙi tashi za a yi shi.

Ɓangare biyu ne ake zargi, na mai da na wuta, kuma abin da ke rikita mutane shi ne alamarsu ta waje iri ɗaya ce. Lokacin kik, kwamfutar ba ta buɗe injekta sai ta samu wuta isasshiya, ta kuma ga alamar cewa inji na juyawa. In ɗayan biyun ya ɓace, famfo lafiyarsa ƙalau amma ko ɗigon fetur ba zai shiga inji ba. Shi ya sa gwajin da aka saba, a ɗiga fetur a maƙogwaron inji a ga ya kama a ce "to mai ne", ba ya raba gardama a irin wannan mota. Tartsatsin fulogi na nan, tunda distributa da kwail na aikinsu, kwamfutar ce ta ɗauke. Ga kuma haɗarin gobara, don haka a bar shi.

Abin da ke raba su shi ne ɗan allon da ke zuwa da na'urar. Murɗa makulli, ka ji famfo ya yi ƙara na 'yan daƙiƙoƙi ya tsaya, sannan ka ba ta kik idonka na kan allon. Idan mai ne, allon zai tsaya a kunne, lambar juyin inji za ta fito wajen 150 zuwa 250, motar dai ba za ta kama ba, ko ta kama ta mutu nan take. Idan wuta ce, ko dai allon ya mutu ya sake kunnuwa, ko ya tsaya amma lambar juyin ta ƙi fitowa.

A tsohuwar mota na fi zargin wuta, kuma a nan zan daɗe. Wayar ja da baƙa na Sniper kan batir kai tsaye ake ɗaure su, ba jikin bodi ba, ba cikin akwatin fis ba. Sai waya mai ruwan hoda, wadda ke tashin kwamfutar: dole ta samu volt 12 lokacin da makulli ke kunne da kuma lokacin da ake ba da kik. A nan ake yawan kuskure. Mai wayarin ya nemi wayar da ke kawo wuta in an kunna makulli, ya samu ta rediyo, ya haɗa. Alhali makullin mota yana yanke layin rediyo da ire-irensa yayin kik don ya tara wa kik ƙarfi. Sai kwamfutar ta mutu daidai lokacin da ake buƙatarta. Ranar da motar ta tashi, sa'a ce kawai: an saki makulli inji bai gama juyawa ba, wuta ta dawo, ya kama. Wani kuma a jikin kwail yake ɗauka. Idan motar na da resistan da ke rage wa kwail wuta, abin da zai iso bai kai 12 ba, ga kuma hayaniyar lantarki da kwail ke watsawa.

Gwajin ba wuya. Sa mitar auna wuta a wayar hodar, wani ya ba da kik. In ta faɗi sifili, ka samo ɓarawon. Maganinsa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, mai lamba a jikin kowace ƙafa: ƙafa ta 30 daga batir ta cikin fis, 87 zuwa wayar hodar, 85 zuwa at (wato ɓangaren ragi, jikin ƙarfen mota), 86 zuwa layin makulli da ke da wuta a matsayi biyun. In babu irin wannan layi, a haɗa na kunnawa da na kik, kowanne ta cikin diyod 1N4007, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, don kada wuta ta koma baya ta ja kik.

Batir ma ana raina shi. Kafireta ba ruwanta da ƙarfin batir muddin inji na juyawa, kwamfuta kuwa ta damu da shi. Cikakken batir a zaune volt 12.6 yake nunawa, 12.2 rabi ne. Lokacin kik ana so ya tsaya sama da 10, in ya sauka ƙasa da 9.6 ya gaji. Auna kuma tsakanin kan batir na ragi da jikin inji yayin kik: in ya haura rabin volt, wayar at ta ci tsatsa ko ta yi sirara. A kankare fenti har ƙarfe ya fito, a ƙara waya mai kauri daga batir zuwa inji, wata daga inji zuwa bodi.

Idan wuta ta tsaya amma lambar juyi ba ta fitowa, bi wayar rawaya da ke ɗauko alama daga gefen ragi na kwail. Duba ko kanta ya saki, ko an ɗaure ta tare da wayoyin fulogi, ko ta bi kusa da altaneta. A raba su. Wayoyin fulogi masu zallan ƙarfe a ciki ba sa jituwa da wannan na'ura, sai masu hana hayaniya, fulogin ma mai resista.

Ɓangaren mai halinsa daban. Matsalar wuta ba ta cika zaɓen lokaci ba, da safe ko da rana tana iya zuwa, sau da yawa bayan an sha gargada. Matsalar mai kuwa tana bin zafi da yawan abin da ke tanki: an yi tafiya, an tsaya minti 15 a rana, ta ƙi tashi, ko tanki ya sauka ƙasa da kwata. Kafireta da matsin mai na psi 3 zuwa 7 take aiki, Sniper kuwa 58.5 take nema, don haka ƙarar famfo a kunne ba shaida ba ce, sai an sa ma'aunin matsi a tiyon shiga. Ana so ya hau kusa da 58 da an murɗa makulli, ya kuma tsaya a nan har cikin kik.

In bai kai ba, kafin a ɗora wa famfo laifi a dubi inda aka ɗaure shi. Famfon lantarki gwanin turawa ne, ba gwanin zuƙa ba. Wurinsa kusa da tanki, ƙasa da matakin mai, nesa da salansa. Wanda aka kai cikin bonet, a zafin watan Afrilu, tururi zai riƙa zuƙa maimakon fetur, yana kuka mai kaifi. Filta biyu ake sawa, mai mikron 100 (mai manyan ƙofofi) kafin famfo, mai mikron 10 (mai ƙananan ƙofofi) bayansa. In aka juya su, an shaƙe famfon. Tankin da ya shekara 40 kuma ba ya rasa tsatsa: tana taruwa a bakin filta ta toshe, in mota ta huta ta zube ƙasa, hanya ta buɗe. Wannan ya yi kama da "sai an bar ta ta huta" da ka ambata, don haka a kwance filtar farko a juye ta kan farin ƙyalle. Buɗe murfin tanki ma a lokacin da motar ta ƙi tashi. In ka ji iska ta shiga da ƙarfi, hanyar numfashinsa ta toshe.

Akwai na uku da ke tsakani, wato mai ya yi yawa. Alamarsa warin fetur da jiƙaƙƙen fulogi. Da safe kafin a tada mota, zafin ruwan inji a allon ya kamata ya yi kusa da zafin gari. In ya nuna −40 ko alamar kuskure, wayar sensar da ke auna zafin ta katse, kwamfuta na zuba mai kamar ana tsananin sanyi. Totur kuma sifili ya kamata ya nuna in ba a taka ba. A daina famfa totur irin na zamanin kafireta. In ta sha mai da yawa, a taka shi har ƙasa a riƙe a ba da kik, kwamfutar za ta yanke mai har inji ya bushe. Sensar iskar salansa a fitar da ita daga zargi, ba a aiki da ita lokacin kik.

Ita kwamfutar da mai wayarin ya ambata, ita ce ta ƙarshe a layi. Sai wayar hoda ta riƙe wuta, lambar juyi ta fito, matsi ya kai 58, tartsatsi na nan, amma ka leƙa maƙogwaron inji daga nesa da tocila ba ka ga feshin mai ba. Ko a nan ma a fara duba soket ɗin injektocin, domin girgiza kan sassauta su.