Daskarewar kwamfuta iri biyu ce: amsa ga Hajiya mai shagon buga takardu

Salamu alaikum jama'a. Hajiya, na ga tambayarki tun da safe, sai yanzu na samu zama. Ga wanda bai gani ba: Hajiya tana da shagon buga takardu da fotokofi a Aboabo, a Kumasi, kwamfutar tebur ce mai Windows 10, kuma sau da yawa in kwastoma ya zare filash ɗinsa sai ta sandare, sai an danne maɓallin wuta an kashe ta. Amsa biyu aka ba ta a nan. Wani ɗan'uwa ya ce bairos ne, a yi fomatin, wato a goge komai a sake ɗora Windows. Wani ya ce madabod ne, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe a jikinsa, ya fara mutuwa, ta soma tara kuɗin wata. Dukansu da zuciya ɗaya suka faɗa, amma ina roƙonki kada ki yi ko ɗaya tukuna. Abin da muke kira daskarewa iri biyu ne, a ido sun yi kama, amma maganin wannan ba ya taɓa waccan.

Ga yadda za ki raba su ba tare da kin kashe ko sisi ba. Ran da ta sake tsayawa, ki janye hannu daga maɓallin wuta. Ki motsa maus, ki danna Caps Lock ki dubi ƙaramar fitilarsa a kibod, sannan ki dubi agogon da ke ƙasan allo. In kibiyar maus tana yawo, fitila tana kunnuwa tana mutuwa, ko da agogo ya tsaya, to kwamfutar da ranta, jira take yi. Wannan ce ta farko. In kuwa maus ya kafe, fitila ta ƙi amsawa, agogo ya tsaya a minti ɗaya, to ta biyu ce, kuma wannan ko kwana za ki yi kina jira ba za ta dawo ba.

Ta farko aikin manhaja ce. Lokacin da kwastoma ya ga takardarsa ta fito daga firinta, a ganinsa an gama. A cikin kwamfuta kuwa ba a gama ba. Word yana riƙe da fayil ɗin, har ya ajiye wani ƙaramin fayil na wucin gadi a cikin filash ɗin. Manhajar kashe bairos tana kan binciken folda bayan folda. File Explorer yana ƙoƙarin haɗa ƙananan hotunan da yake nuna miki. Sai aka fizge filash. Duk waɗannan sun aika saƙo suna jiran amsa daga abin da ba ya nan. Kamar mai koko ce ta aiki yaro neman canji: layi ya tsaya cak, kowa yana ƙorafi, amma koko bai lalace ba. Windows yakan ba faifai kusan minti ɗaya ya amsa kafin ya haƙura, wani lokaci kuma ya sake gwadawa, musamman in da ma filash ɗin mai ciwo ne. Kuma da yake shi File Explorer ɗin ne ke riƙe da layin ƙasan allo da gumakan da ke kan fuskar kwamfuta, in ya maƙale sai ki ga kamar komai ne ya mutu.

Ta biyu kuwa daga ƙarfe da wuta take zuwa, ko daga direba, wato 'yar manhajar da ke magana da ramin USB inda ake soka filash. Ki kashe kwamfutar, ki cire ta daga soket, ki haska cikin ramin da tocilan waya. Za ki ga wani ɗan harshe na roba, baƙi ko shuɗi, da siraran ƙarafa a jikinsa. A tsohon rami guda 4 ne: biyun gefe na wuta, bolt 5, biyun tsakiya na bayanai. Da gangan aka yi na wutar sun fi tsawo, don a iya sokawa da zarewa kwamfuta na kunne. To in harshen ya tsage, ko ƙarfe ɗaya ya lanƙwashe yana shafar bangon ramin, a daidai lokacin zarewa wuta na iya taɓa inda bai kamata ba, sai komai ya tsaya nan take. Ƙa'idar wannan babban ramin, mafi ƙarancin abin da ta nema shi ne ya jure sokawa da zarewa sau 1,500. Ki lissafa da shagonki: ko mutum 10 ne a rana, cikin wata 5 an kai. Balle ma yawancin kwamfutocin da muke saye a Adum na hannu ne, sun yi shekarunsu a wani ofis kafin su iso Kumasi.

Kin ga bambancin ke nan tun daga tushe. Ta farko takan zo ne a kan wasu filash ko wasu fayiloli, musamman in an zare da gaggawa, kuma ba ruwanta da wane rami aka soka. Ta biyu ba ruwanta da fayil. Ko filash ɗin babu komai a ciki, ko kin bi duk ƙa'idar cirewa, hannu na taɓa shi za ta iya sandarewa, kuma sau da yawa rami guda ne ke yin haka.

Maganin ta farko kusan duk ɗabi'a ce. In ta faru, ki ba ta minti 2 zuwa 3. In ba ta saki ba, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki nemo Windows Explorer ki danna Restart. Sau da yawa nan take allo ke dawowa, aikin da kike yi bai ɓace ba. Abin da ya fi muhimmanci kuwa, ki daina buɗe takardar kwastoma kai tsaye daga filash ɗinsa. Ki kwafe ta zuwa wata folda a kwamfutarki, ki danna Eject, wato umarnin sakin filash kafin a zare shi, ki miƙa masa kayansa, sannan ki buga daga kwafin. In an gama ki goge, domin takardun mutane amana ne: akwai katin shaida, akwai takardar fili, akwai sakamakon asibiti. In Windows ya ce ba zai saki filash ba don ana amfani da shi, kada ki fizge da haushi. Ki buɗe Event Viewer, ki shiga Windows Logs, sannan System, ki nemi lamba 225. A nan yake rubuta sunan manhajar da ta hana cirewar. Na sha ganin mai laifin ya zama manhajar kashe bairos ta biyu da aka ɗora a kan Windows Defender, wadda ke zuwa tare da Windows, su biyu suna kokawa a kan filash ɗaya. Guda ɗaya mai sabuntawa ta isa.

Akwai wani saiti da ya kamata ki duba sau ɗaya. A Device Manager, ƙarƙashin Disk drives, in kin buɗe Properties na filash za ki ga Policies, da zaɓi biyu. Better performance yana tara abin da za a rubuta a ƙwaƙwalwar kwamfuta ya riƙa zubawa a hankali. Ya fi sauri, amma allo zai iya nuna an gama kwafi alhali sauran bayanai ba su shiga ba, don haka dole ne a danna Eject. Quick removal yana rubutawa nan take, ya ɗan fi nawa, amma ya fi yafiya ga mai gaggawa. Microsoft ya mai da shi zaɓin asali tun fitowar Windows 10 mai lamba 1809 a shekarar 2018. Ga shago irin naki shi ne daidai. Sai dai kada a ɗauka lasisi ne na zarewa ana tsakiyar kwafi. Yawancin filash da tsarin FAT32 ko exFAT suke zuwa, kuma waɗannan ba sa ajiye rajistar aikin da suke ciki yadda NTFS, tsarin babban faifan Windows, ke yi, shi ya sa katsewa ɗaya ke iya mai da folda guda ta koma wasu haruffa marasa ma'ana. Ɗalibin da ya rasa aikin digirinsa ta haka, ba kwamfutarki zai zarga ba, ke zai zarga.

Ta biyu ba ta jin Eject, kuma in daga ƙarfe ko wuta take, ba ta jin fomatin. Gwaji na farko: ki bar ramukan gaba, ki koma na baya. Na baya a jikin madabod suke, na gaba kuwa da wata siririyar waya aka jawo su, kuma su ne ke shan wahalar kwastomomi. In daskarewa ta tsaya, kin gano. Sai ki liƙe ramin gaba da salatif, ki sayi gajeriyar wayar ƙari ta USB ki soka a baya ki ɗora bakinta a kan tebur. Ita za ta riƙa cinyewa, in ta mutu a sauya da 'yan sidi kaɗan. Ko da ramukan bayan ma sun gaji, kwamfutar tebur tana karɓar katin USB da ake sokawa a madabod, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar kwamfuta ba.

Sai wutar shagon kanta, kuma a nan nake so ki tsaya sosai. Soket ɗinmu mai baki 3 ne, na saman shi ne na earth, wanda ke kwashe wutar da ta ɓata hanya ya kai ta cikin ƙasa. Da yawa daga cikin dogayen soket masu araha ramin kawai gare su, babu waya a bayansa. In kin taɓa jin jikin kwamfutar yana ɗan cizonki a bayan hannu, alamar ke nan, kuma wannan ya wuce maganar daskarewa, maganar lafiyarki ce da ta yaran shago. A kira mai gyaran wuta ya duba. Kada kuma injin fotokofi ya zauna a soket ɗaya da kwamfuta, domin yana jan wuta da ƙarfi duk lokacin da yake ɗumama kansa. In ana yawan ɗauke wuta ko tana raguwa a layinku, UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, zai taimaka. Ki lura kuma ko abin ya fi yawa da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Busasshiyar iska tana sa jiki ya tara wuta, irin wadda ke tartsatsi in an taɓa ƙofar mota, kuma ita ma tana iya sandarar da kwamfuta ta ramin USB. Taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin a taɓa filash yana rage wannan.

In rami lafiya, wuta lafiya, saura direba. Ki danna Restart maimakon Shut down, domin tun Windows 8 kashewar yau da kullum ba ta sabunta komai, tana ajiye wani ɓangare ta ɗora daga nan. Ki kashe USB selective suspend a Power Options, ki sabunta direban chipset daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Mai gyara na kirki zai iya tayar da ita da Ubuntu, wani tsari ne da ke aiki a madadin Windows, daga filash, ya gwada zare wani filash a wani ramin. In a can ma ta sandare, laifin ƙarfe ne, fomatin ɓata lokaci ne. In a can lafiya lau, to a lokacin ne maganar sake ɗora Windows ta taso, bayan an kwashe fayilolinki.

A nawa ganin, Hajiya, shago mai shige da fice irin naki ya fi kama da ta farko, ramin gaba da ya gaji yana biye da ita. Mutuwar madabod ita ce ta ƙarshe a layi. Ki gwada Caps Lock a daskarewa ta gaba, ki yi kwana biyu da ramin baya, sannan ki duba System ko akwai lamba 225 ko 157, wadda ke nuna an zare faifai ba sanarwa. Lamba 41 kada ta tsorata ki, shaida ce kawai cewa kwamfutar ta mutu ba ta hanyar Shut down ba, kamar in an kashe ta da maɓalli. Ki turo mana abin da kika gani, mu ɗora daga nan in sha Allahu.